Karo ilimi bayan digirin jinya a Najeriya: daga sayen fom zuwa kare kundi

Ma'aikatan jinya da yawa sukan sayi fom ɗin digiri na biyu tun ba su tsai da aikin da za su yi da shi ba. Sai an kashe kuɗi, an ci shekara biyu ko uku, sannan mutum ya tarar takardar da ya samo ba ita ake nema a inda ya nufa ba. Abin da ke jawo haka shi ne hukumomi uku ne ke da ta cewa a kan karatunka, kuma ba abu ɗaya suke dubawa ba. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, ita ke riƙe da rajista da lasisi. Jami'a, a ƙarƙashin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke ba da digiri. Wurin aikinka kuma shi ke da tsarin ƙarin girma. Digirinka zai iya zama ingantacce a wajen NUC, amma Majalisa ba ta ƙara maka komai a rajista saboda shi ba, wurin aiki kuma ya ce ai ba da izininsa ka tafi ba.

Da farko, tsai da inda ka dosa

Hanya uku ce. Akwai mai son zama a gefen gadon majinyaci amma ya ƙware a fanni guda, akwai mai son aji, akwai mai son bincike. Biyun ƙarshe sukan haɗu a jami'a. Ta farkon ce ke da ruɗani.

Ruɗanin daga waje ya zo. A Amurka, tun 1965 da Loretta Ford da Henry Silver suka buɗe shirin farko a Jami'ar Kolorado, akwai rukunin ma'aikatan jinya masu babban horo waɗanda doka ta ba su damar duba majinyaci, su gano cuta, su rubuta magani, gwargwadon dokar kowace jiha. Ƙungiyar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, ICN, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce digiri na biyu ne mafi ƙarancin karatun da ya kamata mai wannan matsayi ya yi. A Najeriya kuwa digiri na biyu shi kaɗai ba ya faɗaɗa lasisi. Wanda ya gama MSc, wato digiri na biyu, ya koma ɗakin majinyata, abin da doka ta ba shi jiya shi ta ba shi yau. Akwai tsarin raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar a 2014, wanda ya buɗe wa nas da ungozoma wasu ayyuka, musamman a asibitocin matakin farko, amma da horo a kan aikin ake samun wannan damar, ba da digiri ba.

Mai son ƙwarewar hannu, hanyar da Majalisa ta sani ita ce kwas ɗin ƙwarewa na bayan rajista, wanda kowa ke ce wa fos-besik. Yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa wata goma sha takwas, ya ƙare da jarrabawar Majalisa da sabuwar rajista a fannin. A Arewa akwai na ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, na kunne da hanci da maƙogwaro a Cibiyar Kunne ta Ƙasa, ita ma a Kaduna, na ƙashi a Asibitin Dala a Kano, na taɓin hankali a asibitin tarayya na Barnawa. Asibitocin koyarwa kuma suna yin na ɗakin tiyata, na sa barci, na yara, na ƙoda da na kulawa ta musamman, kowanne da abin da yake da shi. Ana cikin sauya fasalin makarantun jinya, suna komawa kwalejoji, ana kuma ɗaga waɗannan kwasa-kwasan zuwa matakin gaba da digiri. Saboda haka kafin ka biya kobo, ka tambayi makarantar wace takarda za ta miƙa maka a ƙarshe, kuma da sunan wa.

Jerin da ya fi amfani ga mai son gefen gado shi ne fos-besik, sannan shekara biyu ko fiye yana aiki a wannan sashe, sannan MSc a fannin da ya yi daidai da shi. Wanda ya bi haka yakan shiga digiri na biyu da tambayar bincike a hannunsa, domin ya ga matsalar da idonsa.

Gyara tushe

Ƙofar digiri na biyu a jinya ita ce BNSc, digirin farko na kimiyyar jinya, wanda yake shekara biyar ga mai shiga daga sakandare. Idan rajistar nas, RN, kawai gare ka, ko RN da ta ungozoma, RM, sai ka fara da shi. Za ka iya shiga aji biyu kai tsaye ta fom ɗin JAMB, ko ka bi ta karatu daga nesa, kamar na Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello ko na jami'ar NOUN. Ko ba don MSc ba ma digirin yana da amfani, don a tsarin aikin gwamnati wanda ba shi da shi yakan tsaya a matakin babban jami'in jinya, ba ya hawa layin daraktoci.

Tarkon da ya fi kama mutane yana nan. Nas ya yi digiri a ilimin kiwon lafiya ko nazarin zamantakewa saboda shi ne a kusa, ya ɗora digiri na biyu a lafiyar al'umma, sannan ya nemi koyarwa a sashen jinya na jami'a, a ce masa digirinsa ba na jinya ba ne. Karatun lafiyar al'umma abu ne mai kyau, yana buɗe ƙofar ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji, amma sashen jinya malamai masu digirin jinya yake nema, don su masu tantance shirin za su ƙirga. Wasu jami'o'i suna da difloma ta gaba da digiri a jinya a matsayin gada ga irin waɗannan. Kafin ka hau gadar, ka samu tabbaci a rubuce daga sashen da kake son yin MSc cewa suna karɓarta.

Sauran abubuwan da ake dubawa: kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji, digiri mai daraja ta biyu ƙarama ko sama, ko makinta a jami'o'in da ba sa rarraba darajar BNSc, lasisi mai rai, wanda sabunta shi ke buƙatar shaidar halartar MCPDP, horon ƙara sani na dole ga ma'aikatan jinya, da takardar NYSC. Wannan ta ƙarshen iri uku ce: ta kammala hidima, ta yafewa ga wanda ya haura shekara talatin lokacin da ya gama, da ta cirewa ga wanda ya yi karatun wucin gadi ko daga nesa. Masu karatu daga nesa sukan manta da tasu sai ranar tantancewa.

Ga mata akwai ƙarin abu guda. Idan sakamakon sakandare da sunan mahaifi ya fito, digiri kuma da sunan miji, a haɗa takardar rantsuwar kotu da sanarwar jarida tun yanzu, a kuma tabbata sunan da ke lasisi da na NIN sun zo ɗaya.

Zaɓen jami'a

Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe sashen jinya a ƙasar, a 1965, kuma ita da Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ife da Jami'ar Najeriya reshen Inugu sun daɗe suna yaye masu digiri na biyu da na uku. A Arewa, Zariya da Kano ne wuraren da aka fi dosa. Fannonin kusan iri ɗaya ne ko'ina: jinyar manya da tiyata, lafiyar uwa da yaro, jinyar al'umma, lafiyar ƙwaƙwalwa, koyar da jinya, da gudanarwa.

Sunan jami'a ba shi ne abin dubawa na farko ba. Je sashen da ƙafarka ka yi tambaya uku. Malamai nawa masu digiri na uku ne a fannin da kake so? Ɗalibai nawa kowannensu yake dubawa yanzu? Waɗanda suka shiga shekara uku da suka wuce, nawa ne suka kare kundinsu? Ta ukun kada ka yi wa ofis ita, ka yi wa ɗaliban. Sashen da malami ɗaya ke riƙe da kundi ashirin, babinka zai yi wata biyu a kan tebur, ba don mugunta ba, don rana ɗaya ba ta isa.

Takardu, hutun karatu da kuɗi

Takardar sakamako ta dalla-dalla, wadda tsohuwar jami'arka za ta aika kai tsaye zuwa makarantar gaba da digiri, ita ce ta fi ɓata lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya: nemi ta tun kafin a buɗe sayar da fom, ka riƙe rasit, ka kuma bi sawu har ka ji ta isa. Masu ba da shaida yawanci uku ake so, kuma ya fi kyau biyu su zama malaman da suka koyar da kai. Ka gaya musu tun da wuri, don wasu jami'o'in ta imel suke tura musu fom, in ba su cika ba fayil ɗinka ya tsaya.

Hutun karo ilimi shi ne inda ma'aikacin gwamnati ke yin kuskure mai tsada. Sai an tabbatar da kai a aiki, wato bayan shekara biyun gwaji, sannan ake duba buƙatarka. Takarda takan bi ta hannun shugaban sashenka, zuwa shugaban ma'aikatan jinya, zuwa kwamitin horarwa ko ma'aikata. "Je ka, ba komai" na baki ba izini ba ne. Wanda ya tafi ba takarda, ana iya ɗaukarsa a wanda ya gudu daga aiki, ko ya dawo da digiri a ƙi sa shi a fayil. Idan hutun da albashi ne, za ka sa hannu a yarjejeniyar dawowa ka yi aiki na wani lokaci. Karanta ta da kyau, musamman abin da ta ce game da ƙarin wa'adi, domin digiri na biyu da aka rubuta zai ɗauki wata goma sha takwas zuwa shekara biyu ba kasafai yake ƙarewa a haka ba. Yajin aikin ASUU na 2020 ya kai kusan wata tara, na 2022 wata takwas. Nemi ƙarin wa'adi kafin na farko ya cika, ka haɗa da rahoton ci gaba mai sa hannun malamin da ke duba aikinka.

Masu haɗa karatu da aiki ta hanyar tara dutin dare sukan iya jure zangon farko. Wahalar takan bayyana lokacin tattara bayanai, don shi da rana ake yi, a ranakun da asibiti ke cike.

A lissafin kuɗi kada ka tsaya a kuɗin makaranta. Sa kuɗin kwamitin ɗa'a, na masu taya tattara bayanai, na mota, na buga kundi sau uku ko huɗu, da na wallafa maƙala. TETFund na ɗaukar nauyin malaman jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi mallakar gwamnati, ta hannun makarantarsu, ba ma'aikatan asibiti ba. Mai hangen Ingila yana iya neman tallafin Commonwealth ko Chevening. Na biyun yana buƙatar ƙwarewar aiki ta shekara biyu da alkawarin komawa gida na shekara biyu.

Shekarar kwas

Zango biyun farko na aji ne: ra'ayoyin masana jinya irin su Orem da Roy, dabarun bincike, ƙididdiga, ɗa'a da doka, darussan fanni, da zaman asibiti. Abu ɗaya za a ja kunne a kai. Makinka na nan shi zai buɗe ko ya rufe ƙofar digiri na uku. A al'adar Ibadan, kashi 60 cikin ɗari ne ke kai mutum PhD kai tsaye, wanda ya gaza haka sai ya bi ta MPhil, digirin bincike da ke ƙasa da PhD. Wasu jami'o'in da matsakaicin maki suke aunawa, galibi 3.5 cikin 5. Kuma darasin ƙididdiga, wanda kowa ke neman ya tsallake da ƙyar, shi ne wanda za ka fi nema bayan wata shida.

Kundi, inda aka fi maƙalewa

Batu. Sassan jinya sun cika da kundaye masu take "ilimi, ra'ayi da aikin ma'aikata game da kaza". Suna da sauƙin yi, amma abin da mutum ya ce yana yi suke aunawa, ba abin da yake yi ba. Ɗauki misalin fatogiraf, takardar bibiyar naƙuda. In ka tambayi ungozomomi ko suna cika ta, kusan kowa zai ce e. In kuwa ka ɗauko fayil 300 na matan da suka haihu a wata shida, ka duba ko an rubuta bugun zuciyar jariri kowane minti talatin, buɗewar bakin mahaifa da hawan jini kowace awa huɗu, ka ware na dutin dare da na rana, ka samu abin da metiron za ta iya aiki da shi gobe. Batu mai kyau shi ne wanda za ka iya faɗa a jimla ɗaya: su wa, a ina, me za a auna, a kwatanta da me.

Manufofi uku ko huɗu sun isa. Kowace manufa ta samu tambayarta, sashenta a takardar tambayoyi, da jadawalinta a babi na huɗu. Zana wannan a shafi ɗaya kafin ka rubuta komai. Duk tambayar da ba ta amsa wata manufa ba, cire ta.

Karatun baya. Fara da rumbunan maƙaloli na PubMed da AJOL, ka tambayi ɗakin karatu ko suna da shiga Hinari, hanyar samun mujallun lafiya. Sa manhajar adana madogara, Zotero ko Mendeley, a kwamfutarka tun ranar farko, duk abin da ka karanta ya shiga ciki. Yawancin sassa tsarin rubuta madogara na APA bugu na bakwai suke bi. Kwafe-kwafe kuwa Turnitin na kamawa, kuma sauya kalma biyu a jimlar wani bai mai da ita taka ba.

Yawan mutanen da za a tambaya. In jama'ar suna da yawa sosai kuma kaso kake son aunawa, lissafin Cochran ake yi: 1.96 sau kansa, sau p, wato kason da ake sa ran samu, sau abin da ya rage in an cire p daga 1, a raba da 0.05 sau kansa. In ba ka da p daga wani binciken da ya gabata sai ka sa 0.5, amsa ta fito 384. Don cike gurbin waɗanda ba za su amsa ba, in ka ɗauka kashi goma ne, raba 384 da 0.9, ka samu 427. Amma in ma'aikatan jinyar asibitin gaba ɗaya 600 ne, dole a rage: 384 ɗin yakan sauko zuwa kusan 234, lissafin Yamane kuma ya ba da 240. Kuskuren da ake yawan yi shi ne amfani da waɗannan lissafe-lissafen a binciken da ke kwatanta rukuni biyu, misali waɗanda aka horar da waɗanda ba a horar ba. Wannan lissafinsa daban, yana buƙatar girman bambancin da kake sa ran gani da ƙarfin gwaji, galibi kashi 80. Ga mai ƙididdiga kafin ka kare tsarin bincikenka, ba bayan ka tara takardu a kwali ba.

Kayan aunawa. In akwai wanda aka riga aka inganta, yi amfani da shi, ka nemi izinin masu shi. In majinyata za ka tambaya, to da Hausa za a yi, kuma ba a barin kowane mataimaki ya fassara da ka a gaban mai amsawa. Mutum biyu su mayar da shi Hausa kowa daban, a daidaita, wani na uku da bai ga asalin ba ya mai da shi Turanci, a kwatanta. Sannan masana biyar ko shida su duba ko kowace tambaya ta dace, a gwada a kan kusan kashi goma na adadin a wani asibiti makamancin naka, ba wanda za ka yi aikin a ciki ba. Makin Cronbach, wanda ke auna ko tambayoyin sun dace da juna, na 0.7 ko sama shi ake nema.

Gwajin nan ne ke fito da abin da ba ya cikin littafi. Zaɓi biyar na "na yarda sosai, na yarda, ba ni da ra'ayi" yakan rikita wadda ake karanta wa da baki, raba shi biyu, a fara da "kin yarda ko ba ki yarda ba?", sannan "sosai ko kaɗan?". In ka ce wa mace "haihuwarki nawa?", wata masu rai kawai za ta ƙirga, wata kuma ta tsallake ɗan fari don kunya. Sai a tambayi ciki nawa, ɓari nawa, wanda bai zo da rai ba nawa, wanda ya rasu daga baya nawa, masu rai nawa, a haɗa a gani ko lissafi ya fita. Shekaru ma haka: a tanadi jerin abubuwan da garin ya sani da shekarunsu don kimantawa. Tambayoyin da suka shafi haihuwa da zaman aure mace ce za ta yi su, a inda uwar miji ba ta ji.

Izinin ɗa'a. Ba a taɓa fayil ko majinyaci ko ɗaya kafin takardar amincewa ta fito. Asibitocin koyarwa suna da kwamitocinsu, na asibitocin jiha kuma yana ma'aikatar lafiya, dukkansu a ƙarƙashin kwamitin ƙasa, NHREC. Za su nemi tsarin binciken, kayan aunawa da takardar neman yarda cikin Turanci da Hausa, wasiƙar sashe, da shaidar horo kan ɗa'ar bincike, wanda ake samu kyauta a intanet a shafin TRREE. Amsa takan ɗauki makonni, wani lokaci da gyara. Bayan ita akwai izinin shugaban asibitin da za ka shiga, wanda daban yake. Wadda ba ta karatu za ta dangwala yatsa a gaban shaida. Inda al'ada ta sa a sanar da miji, a sanar da shi, amma yardarsa ba ta maye gurbin tata. Bayanan da aka tara kafin ranar da ke kan takardar amincewa, mujalla mai mutunci ba za ta karɓa ba.

Tattarawa da nazari. KoboToolbox, abin cike tambayoyi a waya, yana aiki ko babu intanet, yana kuma hana tsallake tambaya. In takarda ce, kowace ta samu lamba, a duba ta a wurin kafin mai amsa ya tafi. Duba kalanda: azumi, damina da ranakun kasuwa suna sauya waɗanda ke zuwa asibiti. Ajiye kwafin bayanai wuri uku, ɗaya a intanet. A nazari, ko SPSS ka yi amfani da shi ko Epi Info ko jamovi, kurakurai uku ne ke dawowa kullum: yin gwajin kai-sukwaya alhali fiye da kashi ashirin na gidajen jadawali adadin da ake sa rai bai kai biyar ba, inda gwajin Fisher ya kamata, cusa abubuwa goma sha biyar a lissafin hasashe alhali waɗanda abin ya faru da su arba'in ne, bayan kuwa ana son kusan goma ga kowane abu ɗaya, da cewa kaza ne ya haddasa kaza daga binciken da aka yi a lokaci guda, wanda alaƙa kawai yake iya nunawa.

Mai binciken hira ya sani ba hanyar gudun lissafi ba ce. Hirar awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida wajen rubutawa, kafin a zo fassara. Zaman rukuni mutum shida zuwa goma ne, kuma ba a haɗa ƙananan ma'aikata da shugabarsu a zama ɗaya.

Zama da mai duba aiki. Kai masa babi ɗaya a lokaci guda, da jerin gyaran da ya ce a yi da shafin da aka yi kowanne. Bayan kowace ganawa rubuta abin da aka tsayar ka tura masa. In malamai biyu ne suka saɓa, kada ka zama ɗan aike tsakaninsu, roƙi su zauna tare da kai na minti goma. Ranar kare kundi a gaban mai jarrabawa daga waje, tambayoyin ba sa wuce me ya sa wannan tsari, yaya ka zaɓi mutanenka, me wannan lambar take nufi ga majinyaci. Wanda ya ba wani ya yi masa nazari bai zauna ya fahimta ba, a ta ukun ake gane shi. Bayan karewa akwai wa'adin gyara. Wanda ya wuce shi yana iya biyan kuɗin wata shekarar.

Mai son aji

Iya aiki daban, iya koyar da shi daban, kuma Majalisa tana da rajista ta musamman ga malaman jinya. Hanyar da aka fi bi ita ce BNSc da diflomar koyarwa ta gaba da digiri, PGDE, ta shekara ɗaya, wadda ake yi a tsangayoyin ilimi na jami'o'i ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna. Da ita ake neman rajistar. Kwalejin jinya wannan take fara tambaya. Jami'a kuwa digiri take kallo: MSc don mataimakin lakcara, PhD don hawa sama.

Abin da sabon malami ya fi buƙata shi ne iya auna ɗalibi. Kafin ka rubuta tambaya ɗaya, raba jarrabawar bisa awannin da aka koyar: darasin da ya ci awa shida cikin talatin ya samu tambaya ashirin cikin ɗari, kuma rabinsu aƙalla su zama na yanke hukunci a kan majinyaci, ba na hadda ba. Bayan an yi maki, ware kashi 27 na sama da kashi 27 na ƙasa. Tambayar da na ƙasa suka fi na sama ci, ko amsar da ka sa ba daidai ba ce, ko lafazin yana da harshen damo. Wadda kusan kowa ya ci ko kusan kowa ya faɗi ba ta bambance komai. A jarrabawar aikin hannu ta tasha-tasha, OSCE, wadda Majalisa ke amfani da ita, kowace tasha ta samu takardar maki mai matakai a jere, kuma masu ba da maki su gwada ta tare a kan mutum ɗaya kafin ɗalibai su shigo.

Digiri na uku da zama felo

PhD aƙalla shekara uku ce ga mai cikakken lokaci, kuma mai duba aiki ake fara nema kafin fom. Karanta abin da ya wallafa, ka tura masa shafi biyu: matsalar, abin da aka riga aka sani, giɓin da ya rage, da yadda za ka cike shi. A wannan mataki kwatanta halin da ake ciki bai isa ba; ana sa ran ka gwada wani shiri, ka gina abin aunawa, ko ka haɗa lissafi da hira. Jami'o'i da yawa ba sa barin a kare kundi sai an wallafa maƙala daga cikinsa. Mujallar da ta aiko maka imel tana alkawarin bugawa cikin mako ɗaya in ka biya, guje ta. Duba sunanta a Scopus, PubMed, DOAJ ko AJOL da kanka, kada ka yarda da tambarin da ta liƙa a shafinta. Buɗe lambar ORCID, lambar shaida ta masu bincike, ka tsai da yadda ake rubuta sunanka, ka daina sauyawa.

Akwai kuma kwalejin ma'aikatan jinya ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a Banjul a 1981, yanzu ake kiranta WAPCNM. Tana da tsangayoyi biyar: jinyar manya da tiyata, lafiyar uwa da yaro, lafiyar al'umma, lafiyar ƙwaƙwalwa, da gudanarwa da koyarwa. Zama felo a cikinta shaidar ƙwarewa ce a sana'a, ta hanyar jarrabawa mataki-mataki da kundi. Ba ta maye gurbin PhD a wajen ƙarin girman jami'a, PhD ma ba ta maye gurbinta a asibiti. Kafin ka shiga, nemi sashen ma'aikata na wurin aikinka su nuna maka a rubuce matsayin da suke ba mai ita.